Neman kalma: me za mu kira "dark fantasy", kuma babi ne ko fitowa?

Mai Tawada

Assalamu alaikum. Duk ranar da sabon babin manga, wato labarin zane na Japan, ya fito, hirarmu takan zama rabi Hausa rabi Turanci, har da ɓarɓashin Japananci. Wasu kalmomin sun riga sun zauna, manga dai manga ce, ba mai neman sake mata suna. Wadda ta ƙi zama a baki ita ce sunan nau'in labarin, abin da Turawa ke kira "dark fantasy", irin Berserk na Kentaro Miura da ya fara fita a 1989. Suna uku nake ji suna yawo: tatsuniyar tsoro, almara mai duhu, baƙar almara.

Kafin a zaɓa, ga kayan da sunan zai ɗauka. Duniyar labarin ƙirƙirarriya ce, ko kuma tamu ce aka cusa mata dodanni da sihiri, kuma sihirin yana da ƙa'ida. Duk ƙarfin da mutum ya samu sai ya biya, da jininsa, ko hankalinsa, ko wanda yake ƙauna. Sannan nasara ba ta dawo da abin da aka rasa: hannun da ya guntule a juzu'i na 13 ba zai tsiro a na 30 ba. Sunan da bai ɗauki waɗannan ba, bai yi ba.

Uwar Ɗakin Karatu

Wa alaikumus salam. Malam, a fara cire tatsuniyar tsoro, kuskure biyu ne a cikinta. Tatsuniya gajeriya ce, ana buɗe ta a rufe ta a zama ɗaya, kuma da an ce ƙurunƙus mugu ya ga sakayyarsa. Labarin da aka shekara fiye da 30 ana zana shi, mugun cikinsa kuwa sai ƙara ɗaukaka yake, ba tatsuniya ba ne. Na biyu, tsoro nau'i ne mai zaman kansa. A labarin tsoro abin da ake nema shi ne gabanka ya faɗi, jarumin kuma yawanci gudu yake yi. A namu jarumi yana da makami, yana kai sara, yana ma yin nasara. Abin da ke damun mai karatu shi ne abin da nasarar ta ci masa.

Sarkin Musu

Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Su kansu Japanawa ba su fassara ta ba, aro suka yi, suna cewa "daku fantaji", suna rubuta ta da baƙaƙen katakana da suke rubuta kalmomin aro da su. In masu abu sun ara, mu ma mu ce dak fantasi mu huta.

Sannan Malam Mai Tawada, ka fasa mana ƙwai tun ba a je ko'ina ba. Wane ne ya tambaye ka labarin hannu?

Malamin Nahawu

Ranka ya daɗe Sarki, aro ba laifi ba ne, amma akan ari abin da babu ne. Manga mun ara don ba mu da sunan littafin zane da ake karantawa daga dama zuwa hagu. Almara kuwa muna da ita, kuma duk Bahaushen da ya ji an ce "wannan ai almara ce" ya san ana nufin abin da hankali ba zai ɗauka ba. Rabin aikin ya gama kansa. Saura sifa.

A nan ne nake ganin almara mai duhu ta gaza. Duhu a bakinmu ya fi karkata ga rashin sani da rashin fahimta: duhun kai, an bar ni cikin duhu, maganar ta yi duhu. Wanda bai san manga ba, in ka ce masa almara mai duhu, zai ɗauka labari ne mai wuyar ganewa. Baƙi kuwa dubi inda yake zama: baƙar wahala, baƙin ciki, baƙar aniya, baƙar magana, baƙar ƙaddara. Kowanne a ciki yana ɗauke da tsanani da ɗaci, kuma su ne ainihin kayan labarin. Ga shi gaɓa biyar kacal, ba-ƙar al-ma-ra, tana shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba. Jam'inta baƙaƙen almarori. Abin lura ɗaya ne: a rubuta ƙ mai lanƙwasa, kuma kada a haɗa ta da baƙuwar almara, wadda ke nufin ta wata ƙasa.

Uwar Ɗakin Karatu

Na yarda da baƙar almara. A kiyaye kada a mayar da ita fassarar seinen, don ana yawan cakuɗa su. Seinen da shonen rabon masu karatu ne da mujallu ke yi, na farko na samari manya da magidanta, na biyu na yara maza masu tasowa. Berserk a Young Animal ta kamfanin Hakusensha yake fita, seinen ke nan. Chainsaw Man kuwa a Weekly Shonen Jump ya fara a Disamba 2018, amma shi ma baƙar almara ce tsantsa. Mujalla ita ke yanke iya abin da za a nuna ƙarara a shafi, ba ita ke yanke nau'i ba.

Mai Tawada

To baƙar almara ta samu kujera, sai in wani ya zo da abin da ya fi ta. Sarki, batun ƙwai kuwa ban fasa ba. Jarumin da hannun ƙarfe ya bayyana tun juzu'i na farko, kowa ya san ya rasa hannu. Da na faɗi yadda ya rasa shi da wanda ya jawo, da na fasa. Amma ka yi mana aiki ba ka sani ba, don ga kalmar "spoiler" ka kawo a sama.

Malamin Nahawu

Fasa ƙwai ta dace ƙwarai, don ba ƙirƙira ba ce, tana nan a harshe da ma'anar tona abin da ake ɓoyewa. Kuma ƙwai in ya fashe ba ya komawa. Japanawa suna cewa netabare. Neta juyin kalmar tane ce, wato irin shuka, bare kuma daga aikatau na tonuwa. Su iri ya tonu, mu ƙwai ya fashe. Tana kuma juyuwa yadda ake so: ya fasa ƙwai, mai fasa ƙwai, akwai ƙwai a ciki.

Sai dai a raba ta da wani abu dabam. Akwai mai faɗin abin da ya faru bayan babi ya fito a hukumance, akwai kuma mai yaɗa hotunan shafuka kwanaki kafin ranar fitowa. Na biyun Japanawa na kiransa hayabare, tonuwar wuri.

Na Bayan Aji

Na biyun ai riga malam masallaci ne.

Sarkin Musu

Ta yi daɗi a barkwanci, amma ta yi tsawo a kan take, kuma ta yi wa abin sassauci. Riga malam masallaci gaggawa ce kawai. Wannan kuwa sata ce: Jump ranar Litinin take fita a Japan, sai wani ya samu kwafi daga hanyar rarrabawa tun tsakiyar makon da ya gabata ya ɗauke shi hoto. A Fabrairun 2024 'yan sandan Japan sun kama mutum biyu kan haka. Ni kwarmato zan ce. Ƙwai na babin da ya fito, kwarmato na wanda bai fito ba.

Kuma ga dalilin da bai kamata a gina muhawara a kan kwarmato ba. Yawanci abin da ke fara yawo taƙaitawa ce ta layi biyar ko goma daga babi mai shafi kusan 19, sai hotuna biyu ko uku a karkace. Japananci yana yawan barin mai aikatawa ba a ambata ba, sai mai fassarar gaggawa ya cike gurbin da hasashe, ya ce wane ya kashe wane, alhali jimlar ba ta faɗi kowa ba. A yi kwana uku ana zagin mai zane, ranar Lahadi a ga ba haka ba ne. Na ce Lahadi don manhajar karatu ta MANGA Plus, da kamfanin Shueisha mai buga Jump ya buɗe a Janairun 2019, tana sakin babi daidai tsakar daren Japan, lokacin da yawancin duniya ke cikin ranar Lahadi.

Uwar Ɗakin Karatu

Tunda an taɓo shafuka, "raw" ɗanye ne kai tsaye, shafin da ba a fassara ba. A baƙar almara ɗanye marar kyau ya fi yin ɓarna fiye da sauran nau'o'i, saboda yawan baƙi a shafi. Mai zane yana da hanya uku ta kawo inuwa: cike wuri da baƙar tawada tsantsa, jan layuka sirara masu giciye da juna, da manna takardar ɗigo, wadda ake aunawa da yawan layi a inci da kaurin ɗigon, misali layi 60 kashi 10 cikin ɗari. Takardar mujalla mai arha ce, tawada na ɗan bazuwa a kanta. In aka ɗauke ta da waya aka kuma matse hoton, ɗigon sai ya rikiɗe ya zama wani zane mai kama da igiyar ruwa, layukan giciye su dunƙule su zama tabo. Fuskar da aka ɓoye a cikin inuwa don mai lura ya gano, sai ta ɓace gaba ɗaya. Rabin musun "wane ne a bayan wane" daga nan yake tasowa.

Mai Tawada

Yanzu ga mai wuyar. Muna cewa babi, babi, amma a Berserk kalmar tana rikita mutane, don labarin hawa uku ne. Abin da ke fita a mujalla sau ɗaya, Japanawa na ce masa wa. Tarin waɗannan da ke ba da labari ɗaya shi ne sho. Tarin sho kuma shi ne hen, babban yanki mai iya cin juzu'i goma ko fiye, kamar yankin ƙuruciyar jarumin da ya tashi daga juzu'i na 3 zuwa na 14. In mun kira na ƙasan babi, me za mu kira na tsakiya?

Malamin Nahawu

Na ƙasan fitowa ne. Haka ake cewa ga duk labarin da ake bugawa kashi-kashi: fitowa ta ɗaya, fitowa ta biyu. Fitowa ta 364 ita ce ta ƙarshe da Miura ya yi wa aiki kafin rasuwarsa ranar 6 ga Mayu 2021, aka buga ta a Satumbar shekarar. Na tsakiya shi ne babi na haƙiƙa. Babban kuma zango, don tafiya ce ake yada zango a cikinta, a sake ɗaukar kaya da sabon wuri da sababbin abokan gaba. Zango ya fi kashi, saboda kashi muna bukatarsa ga irin Chainsaw Man da aka rufe kashi na ɗaya a kan babi na 97 a Disamba 2020, aka buɗe na biyu a Yulin 2022.

Sarkin Musu

Nahawu ya yi daidai, baki ne ba zai bi ba. Kowa ya saba da babi na kaza, kuma yawancin labaran hawa biyu ne kawai, babu na tsakiya. Ba za a sa dubban mutane su sauya baki saboda littafi ɗaya ba.

Uwar Ɗakin Karatu

Yaya Sarki, a raba gardama. Inda hawa biyu ne, babi da zango. Inda hawa uku ne, fitowa, babi, zango, kuma mai buɗe hira ya faɗa tun a layin farko. Amma fitowa tana da wani amfani da babi ba shi da shi: tana tuna mana cewa abin da ya fita a mujalla ba lallai shi ne ke cikin littafi ba. Fitowa ta 83 ta Berserk an buga ta a mujalla, amma Miura ya sa aka cire ta daga juzu'i don ta bayyana abin da bai so a sani da wuri ba. Sannan waɗanda suka fita tun farko a mujallar Animal House, kafin a koma Young Animal a 1992, ba sa cikin wannan ƙidayar. Wanda ya ƙirga daga shafin farko na juzu'i na ɗaya, lambarsa ba za ta taɓa yin daidai da ta sauran mutane ba.

Juzu'i kuwa ba gardama, shi ne tankobon, shafi wajen 200. Kada dai a yi lissafin babi nawa ne a ciki da ka: na mako-mako yakan ɗauki tara ko goma, na wata-wata kamar Attack on Titan huɗu ne galibi, shi ya sa babi 139 ya ba da juzu'i 34.

Na Bayan Aji

Saura "hiatus", tunda masu bin Berserk sun fi kowa saninta. Hutu?

Malamin Nahawu

Hutu in an faɗi ranar dawowa, kamar mako ɗaya da mujalla ke tsallakewa. In ba a faɗi rana ba, dakatarwa. Abin da ya biyo bayan rasuwar Miura dakatarwa ce, har Yunin 2022 da mataimakansa na Studio Gaga suka ci gaba a ƙarƙashin kulawar amininsa Kouji Mori. In ka ce hutu a irin wannan, ka yi wa mutane alkawarin da ba ka da ikon cikawa.

Mai Tawada

To ga yadda take zai riƙa kasancewa, a gwada a ga ko zai zauna: sunan labari, sai lamba, sai gargaɗi. Misali, "Berserk, fitowa ta kaza, akwai ƙwai har zuwa nan, ban da kwarmato." Wanda zai ambaci abin da ya faru a wani labarin dabam don kwatance, ya sa nasa gargaɗin, don ƙwan da aka yarda a fasa na wannan labarin ne kaɗai.

Sarkin Musu

Na sa hannu a kan baƙar almara, ƙwai, kwarmato da zango. Fitowa kuwa ina nan a kan bakana. Kuma har yanzu ba wanda ya kawo sunan hoton ƙarshe na ƙasan shafin hagu, wanda ake ajiye shi don ya sa ka juya shafi. Japanawa na ce masa hiki, wato ja. Wani ya ce ƙugiya, ni kuma na fi son koto.