Tsoka uku a ƙarƙashin maikiroskop: yaya ake bambance su?

Ɗalibar Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu, ina karanta ilimin dabbobi. Fiziyoloji, wato darasin yadda jiki yake aiki, yana shiga kaina, amma histoloji, wato nazarin naman jiki a ƙarƙashin maikiroskop, ya tsaya mini a rai. In na leƙa gilashin, tsokar zuciya da ta jikin ƙashi da ta hanji duk ja-ja nake gani. Don Allah a taimaka, jarrabawa ta matso.

Yayanku na Yelwa, Bauchi:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Daina kallon launi, rinin iyosin ne ya sa su haka. Nemi ɗigon shuɗin nan, cibiyar ƙwayar halitta, wadda rinin hematoksilin yake kamawa. Tsokar ƙashi doguwa ce mai zane-zane a gicciye, cibiyoyinta da yawa, duk sun koma gefe. Ta zuciya ma tana da zane, amma tana yin reshe, cibiyarta a tsakiya, ga wasu layuka masu duhu inda ƙwayoyin suka haɗu. Ta hanji ba zane ko kaɗan, bakinta biyu a tsuke.

Maman Hanif:
Ki riƙa zana abin da kika gani da fensir, 'yar uwa. Kuma ki fara da ƙaramin madubi kafin babba.

Ɗalibar Tudun Wada, Gombe:
Na gode Yaya, na gode Anti. Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi reshen nan.