Waɗanda ke jihar North Carolina ta Amurka a 2016, ya kuka ji da mawaƙa suka dinga fasa zuwa?

Ɗan Maradi a Greensboro: Salamu alaikum jama'a. Jiya muna hira da wani yaro da ya zo kwanan nan, na ce masa akwai shekarar da rigimar ban ɗaki ta hana mu cin kasuwa a garin nan, ya ɗauka wasa nake. Dokar HB2 nake nufi, wadda gwamna Pat McCrory ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2016, cewa a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya shiga ban ɗakin jinsin da ke kan takardar haihuwarsa, wato dai masu sauya jinsi aka nufa. Ni lokacin tasi nake ja. Mawaƙi Bruce Springsteen zai yi wasa a Greensboro ranar 10 ga Afrilu, saura kwana biyu ya ce ya fasa don nuna adawa da dokar. Wallahi na riga na gama lissafin kuɗin daren nan a kaina, har na yi wa gida alkawarin aike, ranar kuwa na zaga na zaga gari tsit na koma na kwanta. Wa kuma abin ya taɓa?

Maman Yara, Raleigh: Wa alaikumussalam Malam. Ni ai sau biyu ta same ni. Ina aiki a wajen sayar da abinci cikin wani babban zauren wasa, kuma mu awa ake biyan mu, in ba wasa ba aiki ba ko sisi. Pearl Jam suka fasa na 20 ga Afrilu, aka zo Cirque du Soleil masu wasan tsalle-tsalle su ma suka janye. Masu tikiti an mayar musu da kuɗinsu, mu wa zai mayar mana? Abin da ya fi ba ni haushi ma sai daga baya na gane dokar ba ban ɗaki kaɗai ta taɓa ba, har da hana birane su ƙara mafi ƙarancin albashi, ga shi babu mawaƙin da na ji yana ta tamu.

Ɗalibi a Charlotte: Anti kin faɗi gaskiya amma ba duka ne suka gudu ba fa. Mumford & Sons sun yi wasansu a nan Charlotte suka ba da ribar ga ƙungiyoyin da ke yaƙar dokar, Cyndi Lauper ma haka ta yi a Raleigh. Ni na fi ganin hankali a wannan. A ajinmu lokacin akwai wadda ta sauya jinsi, ba wata magana muke ba sosai sai ta aikin makaranta, amma na lura ta daina shan ruwa da rana gaba ɗaya don kada fitsari ya kama ta a makaranta. Ni da addinina na san inda na tsaya, amma abin ya tsaya min a rai gaskiya.

Baban Gareji: Ƙanina, yin wasa a ba da sadaka ba ya girgiza ɗan siyasa, aljihu ne yake girgiza shi. Ka manta NBA, hukumar gasar ƙwallon kwando, ta ɗauke wasan taurarinta na 2017 daga Charlotte ta kai New Orleans, PayPal mai harkar tura kuɗi ta fasa buɗe ofis mai ma'aikata 400? A jihar da ƙwallon kwando kamar addini ne! A watan Nuwamba McCrory ya faɗi zaɓe hannun Roy Cooper da ratar ƙuri'u dubu goma da ɗan abu, Maris 2017 aka soke batun ban ɗakin. Ni ma na yi asara, direbobi da ba su samu ba sai suka dinga kawo gyara bashi.

Maman Yara, Raleigh: Baba to bashin an biya ka dai?

Baban Gareji: Hajiya, ki tambayi wanda ya buɗe zancen nan, yana jin mu.

Ɗan Maradi a Greensboro: Haba Baba, a gaban jama'a? Birki ne kawai fa, zan leƙo ranar Asabar in sha Allah.