Kamfanin inshora ya yanke min kuɗin gyaran mota, ta ina zan ɓullo musu?

Jama'a don Allah ina neman shawara. An bugi motata ta baya, kuma cikakkiyar inshora gare ni. Jami'in da kamfanin ya turo ya zaftare kusan rabin kuɗin da makanike ya rubuta, wai kayan sun tsufa, ba za su biya kuɗin sababbi ba. Abin da ya fi ci min rai, sun ce shasin dama a lanƙwashe yake, alhali lafiyarsa ƙalau kafin hatsarin. Ina da hotuna da rahoton 'yan sanda, kuma ban sa hannu a takardar amincewa ba tukuna. In ɗauko mai kimantawa na daban, ko in kai ƙara wurin hukumar da ke kula da inshora?