Shawarwarin da Aka Bai wa Masu Zane Mai Motsi a Samaru

Bayan ɗaliban zane sun nuna gajeren fim ɗinsu na zane mai motsi a Samaru, malamai da tsofaffin ɗalibai sun zauna da su, kuma shawarar da aka fi nanatawa ita ce a rage tsawon labari. Ana haska hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka ko da za a haska kowane zane sau biyu, minti guda yana cin zane 720, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga mutum uku masu kwamfuta ɗaya. An kuma ce a naɗi murya kafin a zana baki, domin leɓen yarinyar fim ɗin ya ci gaba da motsi bayan ta gama magana.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun kamanni. Wata malama ta ce gidajen da aka zana ba su yi kama da Zariya ba, ta shawarce su da su shiga cikin birni ta Ƙofar Doka, su kalli zankwaye da dagin da ke jikin bango, su lura da yadda babbar riga take lilo idan mai ita yana tafiya. Ta tuna musu cewa a garin nan su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, don haɗa fasahar gida da ta waje.