Wai Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, tana yi wa rap adalci kuwa, ko dai 'yan gida ake ba wa?

Baffa Fagge: Jama'a ni fa na faɗa kuma zan ƙara faɗa, Grammy ba ta taɓa ɗaukar rap da daraja ba, shafaffu da mai ne kawai suke raba wa juna kofi. Mai ja ya fito.

Ummi Zee: Kai Yaya Baffa da sassafen nan? Toh Kendrick Lamar da ya kwashe kofi 5 a 2025 da waƙarsa Not Like Us fa, har da na waƙar shekara, shi ma ɗan gidan ne?

Baffa Fagge: Bayan an gama wulaƙanta shi ba. A 2014 wa suka ba kofin albam ɗin rap? Macklemore! Ga Kendrick zaune da albam ɗinsa good kid, m.A.A.d city aka tsallake shi, abin ya yi muni har shi Macklemore ɗin da kansa ya tura masa saƙon ban haƙuri ya kuma saka hoton saƙon a Instagram, wanda ya ci ma kunya ta kama shi, ke kuma kina kare su ƙanwata.

DJ Sanee: Ai tun tushe abin a karkace yake. 1989 aka fara ba da kofin rap, Will Smith da Jazzy Jeff suka ci amma suka ƙi zuwa saboda an ce ba za a nuna wannan ɓangaren a talbijin ba. Tupac bai taɓa ci ba, Biggie ma haka, Snoop har yau shiru. Nas sai 2021.

Malam Tanko: Ku bi a hankali samari. Ni ban yarda da cewa zama ake a ɗaki a ƙulla ba. Membobin Recording Academy, ƙungiyar da take shirya Grammy, su ne suke kaɗa ƙuri'a, dubban mutane, mawaƙa da furodusoshi da injiniyoyin sauti, kuma da yawansu ba sa jin rap ko kaɗan, in aka miƙa musu takarda sunan da suka saba ji a rediyo shi za su dangwala wa. Rashin sani ne ya fi yawa, ba makirci ba.

DJ Sanee: Malam da girmanka, amma ɗakin fa akwai shi 😂 kwamitocin sirri da suke tace sunaye kafin a kai ga ƙuri'ar ƙarshe, ba a san su waye a ciki ba, sai da The Weeknd ya tada ƙura bayan an hana shi ko takara ɗaya duk da waƙarsa Blinding Lights, sannan aka soke su a 2021.

Malam Tanko: The Weeknd ba mawaƙin rap ba ne ai.

DJ Sanee: Amma kwamitin dai ya tabbata.

Ummi Zee: Ni abin da yake ba ni haushi, masu kukan nan su ne suka fi kowa cin moriya. Jay-Z yana da sama da 20, Kanye ma haka, shi da ya saka nasa a masai ya yi fitsari a kai a 2020. In ba ku so ku daina tura waƙoƙinku mana. Gara Drake da ya janye daga takara a 2021.

Baffa Fagge: Duba waɗanne kofuna ne tukuna. Na lungun rap ne, can gefe. Babban kofin, albam ɗin shekara, daga Lauryn Hill a 1999 sai OutKast a 2004. Albam ɗin Kendrick, DAMN., ya ci babbar lambar yabo ta Pulitzer a 2018 amma a Grammy Bruno Mars aka ba, Jay-Z kuma takara 8 ya shiga a daren ya tafi hannu rabbana.

Abba Kurna: Ku da kuke ta Amurka, kun manta rigimar Olamide da Don Jazzy a Headies, kyautar waƙa ta Najeriya, kan Lil Kesh da Reekado Banks? 😂

Ummi Zee: Abba kar ka kawar mana da zance. Yaya Baffa amsa min ɗaya, na 2025 ɗin son kai ne ko cancanta?

Baffa Fagge: Cancanta ce, amma ƙuri'ar da ta ba Macklemore ita ce ta ba shi, shi ya sa ban yi musu tafi ba.