Cajin waya a mota: ramin USB ko ramin laita?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana a taimaka. Me ya sa in an jona waya a ramin USB na jikin rediyon mota sai ta nuna tana caji amma batirin ba ya hawa, in an kunna taswira ma raguwa yake? Sannan gaskiya ne cajin mota yana kashe batirin waya? Motar Corolla ce 'yar Kwatano, wayar kuma Infinix mai batir 5000mAh.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Wancan ramin ba don caji aka yi shi ba, don a sa filash a ji karatu ko waƙa ne. A tsofaffin motoci yawanci bolt 5 ne da rabin amfiya, wato wat 2.5 kacal. Batir mai 5000mAh yana ɗaukar kusan wat 19 na awa guda, ka ga ko wayar a kashe take sai ta ci awa 8 kafin ta cika. To ga taswira a kunne, ga data, ga hasken fuska an ƙure saboda rana: abin da take ci ya kai abin da ke shiga, ko ya fi. Shi ya sa kake ganin alamar caji amma lamba tana sauka.

Ka koma ramin laita, wato ramin kunna sigari na mota. Ka sayi cajar mota da aka rubuta PD 20W ko 30W, ko QC 3.0 mai 18W. Kada ka dubi babban rubutun kwali, ka dubi ƙananan rubutun jikin cajar inda aka jera 5V/3A, 9V/2A. In 5V kaɗai ka gani, ba mai saurin caji ba ce. In mai baki biyu ce, sau da yawa jimilla suke rubutawa, da ka jona waya biyu sai su raba. Kuma ka sani wasu wayoyin Infinix da Tecno suna da nasu tsarin saurin caji, ba lallai su kai saurin cajarsu ta gida ba, amma za ka ga bambanci sosai. Masu Samsung da ke son wat 25 su nemi wadda aka rubuta PPS.

Kada ka raina kebul. Siririn kebul mai tsawon mita biyu yana zubar da wuta a hanya, bolt 5 ya iso wayar bai cika ba, ita kuma sai ta rage abin da take ja. Mai kauri, mita ɗaya ko ƙasa da haka, wanda ke ɗaukar amfiya 3, ya isa.

Mai wayarin, Ƙofar Ruwa:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka yake. Bari in ƙara ta ɓangaren mota, don a nan ake ɓarna.

Ramin laita bolt 12 ne in inji a kashe, in ya tashi altaneta, mai cajin batirin mota, tana kai shi 13.5 zuwa 14.5. Fiyus ɗinsa yawanci amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180, caja ba za ta dame shi ba. Tsakiyar ramin can ciki shi ne wuta, bangon gefe kuma shi ne as, wato hanyar da wutar ke komawa. Saboda haka duk ƙarfen da ya faɗa ciki, kwabo ne ko kan cajar da ya kwance ya maƙale, sai ya haɗa su fiyus ya ƙone. In ka sa caja fitilarta ba ta kama ba, ka kashe mota, ka haska ramin da tocila tukuna. Ƙurar hunturu da tsatsa suna hana tsinin cajar taɓa ƙasan ramin. Ka goge da busasshen tsumma a kan tsinken itace, ba sukundireba ba. In ramin fes yake, ka buɗe akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari, ka nemi wanda aka rubuta CIG ko ACC a murfin. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ka cire, irinsa za ka mayar.

Don girman Allah kada ka yarda a naɗa maka zaren waya a madadin fiyus, ko a sa 30 inda 15 yake. Fiyus yana ƙonewa ne don wayarin ya tsira. In aka hana shi, wayar wutar da ke bayan dashbod ce za ta yi zafi ta narke, kuma daga nan gobarar mota take farawa.

Masu tirela da manyan motoci, naku bolt 24 ne. Ku tabbatar an rubuta 12–24V a jikin cajar.

Ɗan Hotoro:
Allah Ya saka da alheri. To in mota a kashe take fa, cajin zai zuƙe batirinta?

Mai wayarin, Ƙofar Ruwa:
A Corolla da ka zare makulli ramin ya mutu, ba abin da zai ja. Akwai motocin da nasu ba ya mutuwa, a irinsu a riƙa zare caja da dare. Cika waya ɗaya bai kai kashi 5 cikin 100 na lafiyayyen batir mai 60Ah ba. Abin da ke kwantar da batir shi ne barin makulli a kunne ana jin rediyo da fanka, balle in batirin ya tsufa. Kuma ka fara tayar da mota kafin ka jona waya, don lokacin da kik yake juyawa wuta tana faɗuwa wajen bolt 10 sannan ta yi tsalle. Caja mai kyau tana shanye wannan, ta bakin titi ba tabbas.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Na manta tambayarka ta biyu. Ba wutar mota ce ke kashe batirin waya ba, zafi ne da caja marar kyau. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40 a inuwa, kan dashbod kuwa ya wuce haka nesa. Kamfanin Apple da kansa digiri 35 ya sa a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi amfani da iPhone, sauran wayoyin ma ba su yi nisa da haka ba. Waya tana bayan gilashi rana na dukanta, tana caji, tana taswira, sai ta rage cajin da kanta ko ta tsayar, in abin ya yawaita batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Ka maƙala ta a bakin iskar AC, ka cire mata riga in mai kauri ce. In kuma ka jona caja ka ga fuskar waya tana danna kanta, ko rediyo ya fara shuu, ko kan cajar ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, cire ta nan take, kada ka sake amfani da ita.