Shirya Land Cruiser 80 domin jan tirela zuwa Yankari

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 80 mai injin dizal 1HZ, kuma ina son in ɗaga ta, wato in ƙara mata tsayi daga ƙasa, in sa mata manyan tayoyi, domin jan ƙaramar tirela ɗauke da tanti da kayan girki zuwa Yankari. Da me zan fara?

Bakanike daga Bauchi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Injin nan mai lita 4.2 yana da juriya, amma ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, saboda haka manyan tayoyi za su rage masa ƙarfi a hawa, musamman idan ga tirela a baya. Ka fara da lagireto da birki tukuna. Ɗagawar inci 2 ta wadatar, domin abin da ya wuce haka yana sa mota tangaɗi a kwana.

Tsohon direba: Malam ya faɗi gaskiya. Ka ɗaure ƙugiyar ja a jikin shasi, ba a bamba ba, sannan ka jera kaya yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar zai sauka kan ƙugiyar, in ba haka ba za ta riƙa lilo.

Wani ɗan'uwa: Idan da firji, Alhaji, ka ware masa batir na biyu.